Gano matsalar tsohon mashin

Gano matsalar tsohon mashin shi ne bin diddigin abin da ya hana babur tashi, ko ya sa shi tari da mutuwa a kan hanya, tun kafin a ɗora masa sifana. In an ce tsohon mashin a Sakkwato ana nufin irin waɗanda suka cika gari a shekarun 1970 da 1980 tun kafin Jincheng da Bajaj su mamaye titi a hannun 'yan kabu-kabu, wato su Honda CG125 da ta fito a 1975, da Super Cub wadda Honda ta fara ƙerawa a 1958, da Roadmaster, da Suzuki A100, da Yamaha YB100, sai kuma Vespa ta kamfanin Piaggio na Italiya da ke nan tun 1946, mashin ɗin malamai da manyan ma'aikata kenan a da. Dukkansu da kafireto suke aiki, da ƙafa ake buga su, iska ke sanyaya injin, kuma da yawansu batir mai ƙarfin bolt 6 ne da kwantak, wato ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa don fulogi ya sami wuta a kan lokaci. Babu wata kwamfuta da za a jona ta faɗi cutar, kunne ne da ido da hannu kawai.

Injin iri biyu ne. Akwai mai bugu huɗu kamar CG125 da Cub, mai bawul, baƙin mansa na zaune a ƙasan inji. Akwai mai bugu biyu kamar A100 da YB100 da Vespa, ba shi da bawul irin na wancan, yana ƙona man inji na 2T tare da fetur shi ya sa hayaƙi a wurinsa ba cuta ba ce. Ko wanne ne dai abu uku yake nema kafin ya tashi: mai haɗe da iska, wuta a kan lokaci, da matsi a cikin silinda. Tsohon bakanike da wannan jerin yake bi, daga mai arha zuwa mai tsada, kuma tambayarsa ta farko ba ta wuce "mi yay yi kahin ya mutu?" domin mashin da ya mutu farat ɗaya kamar an kashe makulli galibi wuta ce, wanda kuwa ya yi ta shaƙewa yana ja da baya kafin ya tsaya galibi mai ne.

Mai da iska

Nan ne mafi yawan cutar take a ƙasar Sakkwato, saboda ƙurar hunturu da kuma man kwalba na bakin titi wanda wani lokaci da ruwa ko datti a ciki. Ana fara cire tiyon mai daga kafireto a buɗe famfon tanki a gani ko yana zuba sosai. In ɗigo yake yi, ko famfon ya toshe da tsatsar tsohon tanki, ko kuma ɗan ramin iska da ke jikin murfin tankin ya cushe. Wannan na biyun yana ruɗa mutane ƙwarai, mashin zai yi tafiyar 'yan mintoci ya mutu, a tsaya a buɗe murfi a leƙa mai a ga akwai, a buga ya tashi lafiya lau, ashe buɗe murfin ne ya shigar da iska, sai ya sake mutuwa a gaba.

A ƙasan kafireto akwai ɗan kofi da mai ke taruwa, da sukuru na zubarwa a gindinsa. In an tsiyaye shi cikin murfin kwalba ruwa zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallaye, fetur a sama. Cikin kofin akwai jet biyu, wato 'yan sukurori masu siririn rami da mai ke bi, ƙaramin shi ke riƙe silo, babban shi ke ba da mai in an murɗa totur. Mashin da ba ya tsayawa a silo sai an ja cok, ƙaramin jet ne ya toshe. Wanda ke silo lafiya amma ya shaƙe in an ba shi wuta, a duba babban. Da fetur da iska ake wanke jet, masu zura masa allura ko wayar birki faɗaɗa ramin suke yi, daga nan mashin ya koma shan mai kamar rijiya. In kuma mai na zuba ta ƙasan kafireto a tsaye, fulot ne, ɗan abin da ke iyo cikin kofin yana rufe mai in ya cika, ya maƙale ko allurarsa ta cinye.

Soson iya kilina kuwa, wato matatar iska, in ya cika da ƙura mai ya fi iska yawa, fulogi ya yi baƙi. Wasu sai su cire soson gaba ɗaya wai mashin ya numfasa, to a garin da hazo ke rufe rana wannan daidai yake da zuba wa fistin yashi da hannu.

Wuta

A kwance fulogi, a mayar masa da hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas ita ake so, ja ko rawaya mai rauni ba za ta kunna mai a ƙarƙashin matsi ba. Bakin fulogin kansa labari ne: ruwan ƙasa kamar gasasshen burodi inji lafiya, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo baƙin mai na hawowa, fari fat kuma mai ya yi kaɗan inji na ɗaukar zafi, wanda shi ne ya fi haɗari a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Tazarar bakin fulogi a waɗannan ƙananan Honda milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

In babu wuta sam, sai a koma baya, hular fulogi, waya, kwayil, makulli, sannan kwantak da ke bayan maganeto. Tazarar kwantak in ya buɗe milimita 0.3 zuwa 0.4 ce, in ta kauce lokacin wuta ya kauce, shi ne kik ke dukan ƙafar mutum ko salansa ta riƙa harbi. Kwantak da ke yawan ƙonewa yana tartsatsi, kondensa ce, 'yar na'urar da ke hana shi tartsatsi, ta mutu, canza kwantak kaɗai asarar kuɗi ce. Akwai kuma kwayil mai munafunci, da safe lafiya, in inji ya yi zafi ya ɗauke wuta, a huta a inuwa ya dawo. Saboda irin wannan wahalar ne da yawa suka mayar da tsofaffin mashinansu CDI, wato ɗan akwatin lantarki da ke ba da wuta ba tare da kwantak ba.

Matsi

Sai an gama da waɗancan ake zargin cikin inji. Kik da ke faɗawa sakwaf ba nauyi alama ce ta rashin matsi, haka in an toshe ramin fulogi da babban yatsa aka buga bai ture yatsan ba. A mai bugu huɗu a fara da tafet tukuna, wato 'yar tazarar da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi, domin bawul da aka ɗaure da yawa ba ya rufewa, matsi ya gudu. Ana auna shi inji na sanyi, milimita 0.05 a Cub, 0.08 a CG125, ɗan ƙas-ƙas kaɗan ya fi shiru. In tafet daidai yake kuma salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa, to ringi ne ko silinda ta cinye, sai a kai ta a rarake a sa fistin da ya fi na asali girma da milimita 0.25 ko 0.50 har zuwa 1.00. Baƙin hayaƙi kuwa ba ruwan ringi, kafireto ne, kuma an sha kwance inji lafiyayye a kansa.

A mai bugu biyu abin tsoro shi ne fistin ya kama. Vespa na son 2T kashi 2 cikin 100 a fetur, wasu tsofaffi ainun kashi 5, su Yamaha da Suzuki kuma ɗan famfo ne ke tura shi daga nasa tankin, in famfon ya tsaya ba a sani ba inji zai daskare ana cikin gudu. Salansarsu ma tana cushewa da gawayi, mashin ya rasa ƙarfi kamar an riƙe shi ta baya.

Kuloci da sarƙa

In inji na kuka mashin ba ya gaba, kuloci ke sulɓi, ko wayarsa ta ɗaure ba sarari ko faifan sun cinye, wani lokaci kuma baƙin man mota ne aka zuba mai santsi da yawa tunda kulocin cikin mai yake iyo. Cub ba ta da hannun kuloci, nata da sukuru ake saitawa a gefen inji. Sarƙa tana son sakin kamar santimita 2 a tsakiya, kuma in haƙoran faifanta sun zama kamar ƙugiya tare ake canza su, sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta daɗewa, balle a hanyar yashi irin ta ƙauyukan Wurno ko Gwadabawa inda maiƙo da rairayi ke haɗuwa su zama kamar dutsen wasa wuƙa.