Kifin kartan da zafin Tawa: dafin da suya ba ta kashewa

Iyayena mata, da ƴan uwa masu sayar da kifin kartan a kasuwannin Tawa, da ku nake magana yau, musamman yanzu da bazara ta kama, zafi yana haura digiri 40 tun kafin azahar.

Kifin nan da muke saye a daskare, makero da sardin da ƴan uwansu, ba daga tabkin Tabalak ya fito ba, ba kuma daga kogin Kwara ba. Kifin teku ne. Da yawansa ana kama shi ne a gaɓar tekun Atlantika, wajen Muritaniya da Senegal, inda ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku ɗauke da abincin ƙananan kifaye, shi ya sa wurin ya fi ko'ina albarkar kifi a yammacin Afirka. Daga Nuwadibu ko Dakar jirgin ruwa zai kai shi tashar Lome, kamiyo mai firigo ya ɗauka, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1000 kafin Yamai, sannan a ƙara wasu sama da 500 zuwa nan. A duk tsawon hanyar nan ya kamata sanyinsa ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri. Ku lissafa da kanku sau nawa mota ke tsayawa a kan iyaka, sau nawa wuta ke ɗaukewa a shago.

Makero da sardin da ton (wato kifin tuna) suna da wani sinadari mai yawa a tsokarsu, wanda ba shi da illa muddin kifin yana cikin sanyi. Da zarar ya ɗumama ya wuce digiri 4, ƙwayoyin cuta da ke fatarsa da hanjinsa sai su fara mayar da sinadarin nan wani dafi da likitoci ke kira histamin. Idan dafin ya riga ya samu, an gama. Tafasa ba ta kashe shi, mai mai zafi ba ya kashe shi, banda ba ta kashe shi, mayar da kifin firigo ma ba ya cire shi. Nan ne mutanenmu ke ruɗuwa, don mun saba da cewa abin da ya sha wuta ya tsarkaka. Kuma wani lokaci kifin ba ya ko wari.

Alamun suna zuwa da sauri, daga ƴan mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Mutum zai ji baki yana masa yaji alhali ba a sa tonka da yawa ba, fuska da wuya su yi zafi, kai ya sara, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi da borin jini, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi, wani har da amai da zawo. Idan mutum uku ko huɗu da suka ci a kwano ɗaya suka kama haka lokaci guda, kada a ce sammu ne ko kambun baka, a tambayi abin da aka sa a miya. Yawanci yakan lafa cikin yini guda, kuma akwai maganin da ke kwantar da shi a asibiti. Amma wanda numfashinsa ya fara sarƙewa, ko leɓensa ya kumbura, ko mai asma, ko ƙaramin yaro, a garzaya da shi, kada a tsaya jiƙa magani a gida.

Tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa na tabkunanmu ba su cika kawo wannan dafin ba, ko da yake su ma suna ruɓewa idan an bar su a rana.

Uwar gida, in kin je saye, ki leƙa cikin kartan ɗin. Idan kika ga jini da ruwa sun daskare a ƙasansa, kwalin ya jiƙe ya sake bushewa, kifayen sun manne sun zama dunƙule guda, to ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. Ki danna cikin kifin da yatsa: in ya lotsa bai dawo ba, ki bar shi. Ki sa kifi ya zama sayayyarki ta ƙarshe kafin ki hau kabu-kabu, kuma kada ki ajiye shi a roba a tsakar gida ya narke da rana har ki gama daka. Ki narkar da shi a ruwan randa mai sanyi, ki wanke, ki cire hanji, ki ɗora nan take.

Ku kuma masu sayarwa, na san jari ne, ba wanda ke son asarar ko dala. Amma zube kartan guda a kan tebur tun safe, a mayar da ragowar firigo da magariba, gobe a sake fitowa da shi, wannan babbar hanya ce da dafin ke samuwa. Ku riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan, a inuwa, bisa ƙanƙara. In wuta ta ɗauke, ku bar murfin firigo a rufe, ku jibga masa buhu ko bargo, kada yara su yi ta buɗewa neman ruwan sanyi. Wanda ya kwana a narke, kada a sayar wa mai suyar bakin tasha da rahusa, cikin matafiya zai ƙare.