Waiwaye: Tsugune Ba Ta Ƙare Ba a Dandalin Lincoln

Tun da wani ɗan sanda ya kashe baƙar fata George Floyd a birnin Minneapolis a watan Mayun 2020, rigimar mutum-mutumi ba ta kwanta ba a Amurka. An sauke wasu, an kai wasu gidajen tarihi, wasu kuma har yau ana ja-in-ja kan a mayar da su inda suke. Mu da ba mu saba kafa siffar mutum a bakin hanya ba, abin yakan ba mu mamaki: a ce ƙarfe da dutse su hana ƙasa barci? Amma ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin kowa ya san shi. An sauke rukunin farko na bayi 'yan Afirka a Virginia a 1619. Daga 1861 zuwa 1865 Arewa da Kudu suka gwabza yaƙin basasa, bauta ce tushensa, aka ƙare da 'yanta mutum kusan miliyan 4. Mafi yawan mutum-mutumin sojojin Kudu ba a kafa su da ƙarewar yaƙin ba, sai tsakanin 1900 da 1920, daidai lokacin da dokokin wariya ke ƙwace wa baƙaƙen fata ƙuri'a. Kisan baƙaƙen fata masu ibada 9 a wani coci a Charleston a 2015 da tarzomar Charlottesville kan sauke mutum-mutumin wani janar na Kudu a 2017 suka sake tono maganar.

Wanda ba a cika waiwaya ba shi ne wani mutum-mutumi da ba na Kudu ba ne, ba kuma maƙiya suka kafa shi ba. Yana Dandalin Lincoln a birnin Washington, kuma da kuɗin 'yantattun bayi aka yi shi.

Da labarin kisan Shugaba Abraham Lincoln ya bazu a Afrilun 1865, wata baiwar Allah mai suna Charlotte Scott, wadda ta fito daga bauta a Virginia ta zauna a Ohio, ta ɗauko dala 5 daga ɗan abin da ta fara samu da guminta, ta ce a fara asusun tunawa da shi. Sojoji baƙaƙen fata da suka yi yaƙi a ɓangaren Arewa, waɗanda yawansu ya kai kusan 180,000, su ne suka zuba kaso mafi tsoka. Aka tara wajen dala 17,000. Ajiyar kuɗin da zaɓen siffa kuwa suka kasance a hannun fararen fata masu aikin agaji. Ban ce da mugun nufi suka yi ba. Haka zamanin yake: wanda jiya-jiya doka ke lissafa shi cikin dukiya, ba a saba tambayarsa yadda yake so a zana shi ba.

Da farko ma an kawo wani zane mai girma, wanda ya nuna baƙar fata mataki-mataki, daga kasuwar bayi har ya zama soja riƙe da bindiga. Kuɗi suka gaza, aka koma kan mai sauƙi. Abin da aka yaye wa ƙyalle ranar 14 ga Afrilun 1876, gaban Shugaba Ulysses Grant da dubban jama'a, shi ne Lincoln a tsaye cikin kwat, ya miƙa hannu bisa wani baƙar fata da ke durƙushe, ba riga, tsinkakkiyar sarƙa a wuyan hannunsa.

Fuskar mai durƙuson ta wani mutum ce na gaske, Archer Alexander. Abin da ke ci mini rai a nan shi ne, shelar 'yanta bayi da Lincoln ya yi a 1863 ba ta ma shafi jiharsa ta Missouri ba, domin ba ta cikin jihohin da suka ɓalle. Shi ya tsere da ƙafarsa, bayan ya tsegunta wa sojojin Arewa cewa an yi wa wata gadar jirgin ƙasa zagon ƙasa. Mutumin da ya ƙwaci kansa ke nan aka dasa a gwiwa yana jiran a ce masa tashi. (A 2018 aka ruwaito cewa gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ɗan damben nan Muhammad Ali jininsa ne.)

Babban mai jawabi a ranar shi ne Frederick Douglass, wanda shi ma gudu ya yi daga bauta, kuma babu baƙar fatar da ake saurare kamarsa a lokacin. Yana tsaka mai wuya. Kuɗin talakawansa ne a jikin ƙarfen nan, manyan ƙasa na zaune, kuma kariyar da gwamnatin tarayya ke bai wa baƙaƙen fata a Kudu ta fara sanyi. Shekara ɗaya bayan nan, a 1877, aka janye ta. Bai ɓata biki ba, bai kuma yi shiru ba. Ya ce fararen fata su ne 'ya'yan Lincoln, baƙaƙe kuwa agololi ne a gidan, sannan ya yaba masa matuƙa kan yadda ya ja ƙasa mai taurin kai har ta rabu da bauta.

Maganar siffar kuwa ya bar ta sai bayan kwana biyar, a wata wasiƙa da jaridar National Republican ta buga. Ya ce yana fatan kafin ya mutu ya ga mutum-mutumin baƙar fata ba a gurfane kamar dabba mai ƙafa huɗu ba, a tsaye da ƙafafunsa kamar mutum. Bai ce a rushe ba. Cewa ya yi akwai sauran fili a dandalin, a ƙara wani. Wasiƙar ta ɓace wa mutane har sai da masana tarihi suka tono ta a 2020.

A wannan shekara ta 2020, da matasa suka taru a dandalin suna neman a sauke shi, waɗanda suka fito suna kare shi har da dattawa baƙaƙen fata, suna cewa dala biyar ɗin Charlotte Scott ba abin jefarwa ba ce. Matasan suka ce ba za su kawo 'ya'yansu su ga kakansu a durƙushe ba. Da wasiƙar ta fito, kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Wakiliyar birnin a majalisar tarayya, Eleanor Holmes Norton, ita ma baƙar fata, ta gabatar da ƙudurin a kai shi gidan tarihi. Birnin Boston, mai kwafinsa tun 1879, ya sauke nasa a Disamban 2020.

Filin da Douglass ya nuna ya yi shekara 98 babu kowa. Sai a 1974 ƙungiyar matan baƙaƙen fata ta ƙasa, ƙarƙashin Dorothy Height, ta tara kuɗi ta kafa mutum-mutumin malama Mary McLeod Bethune, tana tsaye da sandarta tana miƙa wa yara biyu wasiyyarta. A lokacin ne aka juya na Lincoln, wanda a da yake kallon ginin majalisa, ya koma yana fuskantarta. Haka suke har yanzu, Alexander na tsugune a gefen Lincoln.