Fotokatalis na Sarrafa Iskar Kabon

Fotokatalis sinadari ne, galibi hoda, da ke shan haske ya juya iskar kabon dayoksaid zuwa kabon monoksaid ko metanol ko metan, shi kuma bai ƙare ba.

Tarihi

A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Japan suka nuna cewa titaniyam dayoksaid yana raba ruwa idan aka haska shi. A 1979 su biyun, tare da Inoue da Konishi, suka kaɗa hodarsa da ta wasu sinadarai a ruwa mai iskar kabon, suka samu ɗan metanol da fomik asid. Yawancin masana daga nan suke ƙirga farkon fannin. Wajen 2009 wani fotokatalis mai suna kabon naitiraid ya shigo. Ana samun sa ta gasa takin yuriya ko sinadarin melamin a zafin digiri 550 na Selsiyus.

Yadda yake aiki

Haske na bugun hodar, sai ilektiron, wato ƙwayar lantarki da ke cikinta, ya tashi ya bar gurbi. Ilektiron ya nufi iskar kabon, gurbin kuma ya ɗauko madadinsa daga ruwa. Samar da kabon monoksaid na cin ilektiron 2, metanol 6, metan 8. Matsalar ita ce mafi yawan ilektiron ɗin na komawa gurbinsu nan take, ƙarfin ya tafi a zafi, shi ya sa ake yayyafa wa hodar ɗan tagulla ko filatinam domin su riƙe su.

Titaniyam dayoksaid na da araha da juriya, amma hasken da tsawon zangonsa bai kai nanomita 390 ba, wanda ido ba ya gani, kawai yake sha, kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana. Kadmiyam salfaid, wani fotokatalis ɗin, na shan hasken da ido ke gani, sai dai hasken na cinye shi.

Gwaji

Ana shimfiɗa miligiram kaɗan na hodar a tukunya mai tagar kwaz, wani irin gilashi, a kore iska, a cika da kabon dayoksaid da tururi, a haska da fitilar zenon mai wat 300. Abin da ke fita ƙanƙane ne ƙwarai, har dauɗar da ta maƙale wa hodar kan ba da metan na ƙarya. Dole a maimaita da iska mai kabon-13, wani nau'in kabon da ake iya bin sawunsa, kafin a yarda da sakamako.

A Saudiyya

Ana bincike a KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah da ke garin Thuwal. Masana'antar Yanbu na yin titaniyam dayoksaid, amma na fenti, irin farin da ke bangon gidaje a Makka da Jidda. Fasahar ba ta kai kasuwa ba tukuna.