Sauyin yanayi da ƙwan tsuntsayen gona: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Kullum tambayoyin nan ake jefo mini, shi ya sa na tara su wuri guda. A karanta tukuna kafin a sake tambaya.

Wai da gaske lokacin saka ƙwai ya canza?

Ya canza. Tun 1997 Humphrey Crick da abokan aikinsa suka duba bayanan sheƙunan Biritaniya daga 1971 zuwa 1995, suka tarar nau'i 20 cikin 65 sun koma saka ƙwai da wuri, da kimanin kwana 9. An wuce wurin musu.

Me ke sanar da tsuntsu cewa lokaci ya yi?

A ƙasashen sanyi, tsawon yini ne ke shirya jikinsa, sannan ɗumin bazara da fitowar ƙwari su tsayar da ranar. A ƙasashe masu zafi kuwa ruwan sama ya fi tasiri. Sauyin yanayi bai taɓa tsawon yini ba, amma ya dagula ɗumi da ruwa.

To ai sun bi yanayi ke nan, ina matsalar?

Matsalar tana bakin garma. Tsuntsu irin lafwin, mai tukku a ƙeya, ba ya hawa bishiya. Ɗan rami yake shafewa a tsakiyar gona, ya zuba ƙwai huɗu masu launin ƙasa, ya yi kwanci kusan mako huɗu. A Finland, binciken Andrea Santangeli na 2018 ya nuna cewa lafwin da wani ɗan'uwansa mai dogon baki lanƙwasasshe sun matso da lokacinsu gaba fiye da yadda manoma suka matso da shukar sha'ir. Da can sai an gama shuka yawancinsu ke zama. Yanzu tarakta tana zuwa ta tarar da su a kan ƙwai, mai tuƙi ma bai san ya taka komai ba.

A Holan kuma abin ya juya. Ciyawa na tashi da wuri, ana yanke ta da wuri, shi kuwa tsuntsun godwit, mai sheƙa a ƙasa cikin ciyawa, da ke dawowa daga Afirka ta Yamma bai matso yadda yankan ya matso ba. Sai injin ya riski 'ya'yan tun ba su yi fiffike ba.

Ashe duk laifin sauyin yanayi ne?

A'a, kuma ku daina ɓuya a bayansa. Tsuntsayen gona a Turai sun ragu da fiye da rabi tun 1980, kuma babban dalili shi ne irin noman da ake yi: maganin ƙwari, takin zamani, share shinge da kurmi. Sauyin yanayi kaya ne da aka ƙara wa wanda ya riga ya gaji.

Na ga sheƙa a gonata kuma lokacin aiki ya yi. In jira, ko in zagaye ta?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Idan ƙwai ne kawai, zagayewa ta fi sauƙi: a kafa siraran sanduna biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowace da tazarar wasu mitoci daga sheƙar, mai tarakta ya kauce. Kada a kafa su daf da ita, kuma kada a riƙa zuwa leƙe, don hankaka yana lura da zirga-zirgar mutane, sawun ƙafa kuma yana jan dabbobi. Aikin ya wuce, a cire sandunan.

Idan an riga an ƙyanƙyashe, sanda ba ta da amfani, domin 'ya'yan suna barin sheƙa da ƙafarsu cikin yini ɗaya ko biyu, kuma in suka ji ƙarar inji lafewa suke yi a ƙasa maimakon gudu. A nan jira ya fi. A Holan ana biyan manoma su jinkirta yankan ciyawa zuwa cikin Yuni. Amma jira yana da tsada, ba zan ɓoye ba: ciyawar da ta tsufa ba ta ƙosar da shanu kamar ɗanya, shukar da ta makara kuma tana iya rage amfani. Har ga tsuntsun ma ba kullum yake yin daidai ba, don filin da ya sha taki yakan yi duhu har ɗan tsuntsu ya kasa ratsawa. In jira ba zai yiwu ba, a fara yanka daga tsakiya a yi waje, a hankali, a bar wani gefe tsaye inda za su fake. Yanzu har jirage marasa matuƙi masu kyamarar gano zafin jiki ake amfani da su wajen neman sheƙa da asuba, ga wanda ke da hali.

Na riga na taka wata, shi ke nan?

Kwantar da hankalinka. Lafwin yakan sake saka wasu ƙwan in abin ya faru da wuri. Ka dai kula a zagaye na gaba.

In kwashe ƙwan in kai gida in ƙyanƙyashe?

Kada ka soma. A ƙasashe da dama laifi ne a doka, kuma ba ka da abin da za ka ciyar da su.