Mene ne matsin tanki a injin ƙaramin jirgin sama?

Matsin tanki shi ne tura iska cikin rufaffen tankin mai, domin ta riƙa ingiza man zuwa kafireto ba tare da yankewa ba. Duk bakaniken babur a Garwa ko Marwa ya san tanki a sama yake, mai yana gangarowa da kansa. Ƙaramin jirgi, wato ɗan jirgin wasa da ba ya ɗaukar mutum, ba shi da wannan gata. Tankinsa a bayan inji yake, jirgin kuma yana ɗaga hanci, yana kifewa. Zuƙar kafireton ba ta da ƙarfi, saboda haka da jirgi ya miƙe sama sai mai ya ja baya, inji ya yi zafi, ya mutu a iska.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta salansa. Ana jan siririn tiyo daga wani ɗan hanci da ke jikin salansa zuwa saman tanki, hayaƙin da inji ya fitar shi ne zai danna man. Abin da nake so game da ita shi ne tana tafiya da inji: ka ƙara wuta, matsi ya ƙaru, ka rage, ya ragu. Tana mayar da ɗan dattin mai cikin tanki, amma wannan ƙaramin aibi ne. Mai koyo ya tsaya a nan, ta ishe shi.

Masu tsere sukan ɗebo matsin daga cikin akwatin karanshaf, wato cikin jikin inji inda sandar da fistin ke juyawa take, a saka ɗan bawul mai hana iska komawa. Ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai allurar saita mai takan zama mai wuyar sha'ani: ka murɗa kaɗan, mai ya shaƙe inji. Injinan kamfanin YS na Japan da wannan tsari suke zuwa, tare da abin daidaita matsi. Akwai kuma tankin roba mai kumbura, wanda ake ɗura wa mai da sirinji, a matse tiyo har sai inji ya tashi.

Duk wadda ka zaɓa, ƙofa ɗaya ƙanƙanuwa ta isa ta ɓata aikin. Zafin watan Afrilu a nan yakan wuce digiri 40, roba tana saurin lalacewa. Toshe tiyo ɗaya, ka nutsa tankin a ruwa, ka hura ta ɗayan: in kumfa ta fito, gyara tukuna. Kuma tiyon silikon, wato roba mai laushi, na injin da ke shan man metanol ne, wani mai daban da fetur. Fetur kumbura shi yake yi.