Shin da gaske kwamfutocin da sun fi na yanzu ƙarko?

Kowa ka tambaya sai ya ce kwamfutar tafi-da-gidanka ta da ita ce ƙarfe, ta yanzu kuwa kwali ce. Maganar tana da kamar gaskiya, amma akwai ruɗu a ciki.

Tsofaffin da muke yabo, irin su ThinkPad da Dell Latitude da ake kawowa tokumbo, tun asali kayan ofis ne masu tsada, an ƙera su don a sha wuya da su. Masu arha na zamaninsu sun daɗe a bola, shi ya sa ba mu ganinsu. Sai mu ɗauki zaɓaɓɓun da suka rayu mu gwada da sabuwar mai arha. Ina haɗi?

Abin da ya canza da gaske shi ne gyara. Don a siranta su, yanzu a da yawa daga cikinsu ana liƙe RAM, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, a jikin allon ciki, a manne batir da gam, abu kaɗan ya lalace sai mai gyara ya ce a canza allon gaba ɗaya. Sirantawar ma kan jawo matsala: madannan rubutu da Apple ya fito da su a kwamfutocinsa a 2015 ƙura kaɗan kan hana su aiki, har kamfanin ya amince a 2022 ya biya dala miliyan 50 don sasantawa da masu sayen da suka kai shi ƙara.