Me ake nufi da "Barikin Dodan"?

Har yanzu idan dattawan Hausawan unguwar Obalende a Legas suka zauna hira bayan la'asar, za ka ji wani ya ce, "Ai wannan tun zamanin Barikin Dodan ne." Ɗan yau da ya taso ya tarar da Aso Rock sai ya ɗauka wani sansanin soja kawai ake nufi. A bakin dattijon kuwa gwamnatin tarayya ce baki ɗayanta, don daga 1966 zuwa 1991 nan ce fadar mulkin Najeriya, kuma idan aka ce "Dodan ta ce", to magana ta ƙare.

Barikin yana kan titin Ribadu a Ikoyi, daf da Obalende, titin da aka raɗa wa sunan Muhammadu Ribadu, ministan tsaro a Jamhuriya ta Farko. Sunan Dodan kuwa na wani wuri ne a Burma, inda sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da na Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin sojoji su karɓi mulki, shugaban ƙasa Nnamdi Azikiwe a gidan gwamnati na Marina yake zaune, gidan da gwamnonin Turawa suka bari. Yakubu Gowon ne ya mayar da mazaunin shugaba cikin bariki bayan juyin mulkin Yuli 1966, lokacin da ba wanda ya yarda da wani, kuma daga nan aka tafiyar da yaƙin basasa.

Mu dai babu yadda za a ambaci wurin nan zuciya ba ta tuna Murtala ba. Bai tare a barikin ba, daga gidansa yake zuwa ofis ba jiniya ba ayarin motoci. A kan hanyarsa ta zuwa Dodan, safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, aka buɗe wa motarsa wuta cikin cunkoson Ikoyi. Allah ya jiƙansa. Shagari ya zauna a wurin daga 1979, aka riƙa kiransa gidan gwamnati na titin Ribadu, kuma a nan aka kama Buhari a watan Agusta 1985.

Yunƙurin juyin mulkin su Gideon Orkar na 22 ga Afrilu 1990 ne ya fallasa raunin fadar. An yi mata ruwan wuta, aka kashe dogarin Babangida, Laftanar Kanar U.K. Bello, shi kuma Babangida ya sha da ƙyar. Ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya tattara ya koma Abuja.

Barikin yana nan a hannun soja, kuma dubban mutane na wucewa ta gefensa kullum a motocin haya na danfo ba tare da sun san abin da aka yi a ciki ba. Ni a ganina ya dace a ware wani sashe nasa a mayar gidan tarihi, a riƙa kai 'yan makaranta daga Agege da Idi-Araba su gani da idonsu.